Jinyar tagulla da itace a bakin ruwan Ikko: shaidar mai kula da kayan tarihi

Assalamu alaikum. A Agege aka haife ni, a gidan 'yan koli masu sayar wa baƙi kayan sassaƙa da na tagulla. Na tashi ina ganin ana dirje tasoshin Bida da toka da lemon tsami har su riƙa ɗaukar ido, ana shafa wa sassaƙen itace man takalmi don ya yi baƙi ya yi kama da tsoho. Da Allah ya kai ni aikin kula da kayan tarihi, na je Jos na yi kwas na dawo Legas, darasin farko da aka ɗora mini shi ne in zubar da duk abin da hannuna ya saba. Shaidar da zan bayar a nan a kan aikin take, yadda ake yin sa da abin da ke ɓata shi, domin kayan da suka fi ba ni wahala a rayuwata ba tsufa ya kassara su ba. Laimar garin nan ce, da gishirin teku, da ƙwaro, da hannun mutumin kirki mai son ya gyara.

'Yan uwanmu da yawa sun san gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, kusa da dandalin Tafawa Ɓalewa, saboda abu ɗaya: baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976. A je a ga ramukan harsashi, a yi masa addu'a, a fito. Amma gidan da Kenneth Murray ya kafa a 1957 yana ɗauke da abin da ya girmi motar nan da shekara dubu biyu da ɗoriya. A can ne wani kan mutum-mutumi na yumɓu yake, wanda aka tono a mahaƙar kuza ta wajen Jama'a, wani ma'aikaci ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye, kafin ya kai hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a gane aikin mutanen Nok na zamanin da ne. Ga zubin tagulla na Ife, ga na Binin, ga na Igbo-Ukwu da Thurstan Shaw ya tono a 1959 da 1960. Duk waɗannan, da dubban irinsu a gidajen sarauta da ɗakunan masu tara kayan ado a Ikoyi da Lekki, suna kwana suna tashi a cikin iskar da ta taso daga teku.

Shi ya sa ma'aunin laima ne abin da ake fara dubawa da safe, tun kafin a ajiye jaka. A Legas da damina laimar iska tana wuce kashi 80 cikin 100 ba tare da wani abin mamaki ba. Fumfuna kuwa da zarar an haura kashi 65 zuwa 70, iska kuma ba ta motsi, ta samu gida. Itace da fata da hauren giwa sun fi son wajen kashi 45 zuwa 60, tagulla mai ciwo tana son ƙasa da 40. Ɗaki ɗaya ba zai biya wa kowa buƙatarsa ba, dole a raba su.

Bari in tsaya a kan tagulla, don nan ne na fi ganin hasara.

Abin da ake kira tagullar Binin yawancinsa jan ƙarfe ne da aka haɗa da tutiya da ɗan dalma. Na Igbo-Ukwu jan ƙarfe ne da kuza da dalma. Kowanne idan ya daɗe yana yin wata fata a jikinsa, launin ƙasa mai duhu ko kore mai duhu, mai santsi, mai tauri, ba ta fita ko an shafa yatsa. Wannan fata lafiya ce, garkuwa ce, kuma a cikinta ne zanen maƙerin yake kwance. Ba a taɓa ta. Ciwon daban yake: wani kore ne fari-fari, kamar an cuɗa garin lalle da alli, yana tsirowa ɗigo-ɗigo kamar ƙuraje, idan ka taɓa ya biyo yatsa, ka share yau bayan mako biyu ka tarar ya dawo har ya zuba a kan kanta. Abin da ke faruwa shi ne gishiri ya riga ya shiga ƙarƙashin fatar ya haɗu da jan ƙarfen. Muddin wurin a bushe yake, yana barci. Da laima ta wuce wajen kashi 42 zuwa 46 sai ya farka, ya sha ruwa da iska, ya haifar da wannan garin tare da asid, asid ɗin ya ci sabon ƙarfe, ya sake haifar da gishirin. Haka zai yi ta juyawa har ya huda kayan. Ka tuna laimar Legas da gishirin tekunta, ka ga me ya sa ba ma barci da ido biyu a watan Yuni.

Jinyarsa haƙuri ce. Za a fara da ɗaukar hoto ta kowace fuska da rubuta inda kowane ƙurji yake. Sai a sa kayan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a ɗauki allura ko siririyar askar tiyata, a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya ana kwashe garin har a isa wani abu mai kama da kaki, fari-fari, a gindin ramin, wanda shi ne tushen cutar. Faɗin tafin hannu yana iya cin yini. Bayan haka a wanke maiƙo da asiton, wani sinadari mai narkar da maiƙo da danƙo, a jiƙa kayan a sinadarin da muke kira BTA, giram 3 a cikin mililita 100 na itanol, wato tataccen sifirit, na tsawon awa 24 ko fiye. Shi wannan sinadari yana kama jan ƙarfe ya yi masa wata siririyar riga. Ana zarginsa da jawo ciwon daji, don haka da safar hannu da takunkumi ake taɓa shi, taga a buɗe. A ɗauraye da itanol, a busar, sannan a gwada: a rufe kayan kwana biyu ko uku a akwati mai laima sosai. In kore ya sake tsirowa, a koma baya a maimaita. In bai tsiro ba, a shafa masa ruwan Paraloid B-72, wani danƙo da ake narkarwa a asiton, mai kashi 3 zuwa 5 cikin 100, shafi biyu, a bi da kakin kariya mai suna Renaissance kaɗan ƙwarai.

Duk wannan aikin banza ne idan aka mayar da kayan cikin laimar da ta tayar da ciwon. Ƙananan kaya ana sa su a robar da murfinta ke kamawa gam, tare da tsakuwar silika mai shanye laima, irin wadda ake gani a 'yar jaka cikin kwalin sabon takalmi. Akwatin nuni yana buƙatar wajen kilo 20 na silika ga kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi. Idan ta ƙoshi sai a gasa ta a tanda a digiri 120 na 'yan awoyi ta koma aiki. Mai launin ruwan lemo ake saye yanzu, shuɗiyar tana da guba. Abin da ke kashe wannan dabara shi ne akwatin da ke shan iska ta gefen gilashi, da kuma mantuwa.

Ga abin da ke ƙona mini rai. Mutum zai ga kore a jikin tagullar kakansa, ya ɗauko lemon tsami da gishiri, wato ya ɗura wa kayan ainihin abin da ke kashe shi. Tsamin kuma yana zuƙe tutiyar da ke saman ƙarfen ya bar jajayen tabo. Wani ya ɗauko Brasso, man goge ƙarfe. Brasso yana da gari mai kankara da kuma amoniya. Garin yana cinye zane kaɗan-kaɗan, ya maƙale fari a cikin ramukan ado, amoniya kuwa tana iya tsaga tasar da aka buga da guduma. Na sha riƙe tire na Bida da furanninsa suka shafe sumul saboda tsabar ƙauna. Haka jar ƙasar da ke maƙale a lungunan zubin Binin, da yumɓun da ya saura a cikin cikinsa tun ranar da aka narkar da kaki aka zuba ƙarfe: wani zai ɗauka datti ne ya ƙwaƙule, alhali da wannan yumɓun masana ke iya auna shekarun kayan. Abin da ake sa wa ido a ciki shi ne ƙusoshin baƙin ƙarfe da maƙeri ya riƙe yumɓun da su, domin idan suka yi tsatsa suna kumbura su fasa tagullar daga ciki.

Itace kuwa abokan gabarsa suna da rai. Gara daga ƙasa take zuwa, ta gina hanyarta ta laka a jikin bango, ta cinye cikin ginshiƙi ta bar fatar waje kamar ɓawon ƙwai, ka ɗauka ka ji ba nauyi. Maganinta tun daga ɗakin ne: kantar ƙarfe, nesa da bango, kanta ta ƙasa ta ɗaga aƙalla santimita 15 daga daɓe, wanda kuma ke ceton kaya ranar da ruwa ya shigo, kuma a Legas yana shigowa. Na biyu shi ne ƙaramin ƙwaro mai huda itace, wanda tsutsarsa ke zama a ciki wata da watanni tana ci. Don a san ko yana raye, a kaɗe kayan, a ɗora shi a kan baƙar takarda, a bar shi mako biyu. In aka ga gari mai laushi kamar fulawa ya taru a ƙarƙashi, ramukan kuma bakinsu fari ne mai kaifi, akwai aiki. Fesa maganin sauro ba ya kai inda tsutsar take, sai dai ya bar maiƙo. Baƙin mai da kananzir, waɗanda na ga an yi wa turaku da ƙofofi wanka da su, ba sa fita har abada.

Hanya biyu muke bi. Ta farko sanyi: a naɗe kayan da takarda mai laushi, a sa a leda mai kauri, a fitar da iska, a liƙe, a sa a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifili, kwana 7 cur. Idan wuta ta ɗauke a kwana na huɗu, inji bai tashi ba, firizar ta huce, lissafi ya koma farko, don ƙwaron da ya sha sanyi rabi-rabi yana farfaɗowa. In an fitar, kada a buɗe ledar sai bayan awa 24, domin raɓar da za ta taru ta taru a bayan leda. Wanda ya yi gaggawar buɗewa ya jiƙa kayan da hannunsa. Ba a sa hauren giwa a firiza, ko ganga mai ɗaurarriyar fata, ko abin da fentinsa ke ɓarewa. Waɗannan sai hanya ta biyu, wato shaƙe ƙwaron: jaka ta musamman da iska ba ta ratsawa, a sa sinadarin da ke shanye iskar numfashi ko a hura naitirojin, har iskar numfashin ta sauka ƙasa da kashi 0.3 cikin 100, a riƙe haka kwana 21. A nan zafin Legas yana taimakonmu, don ƙwaro ya fi saurin mutuwa a ɗumi. Huda ɗaya kamar ta allura a jikin jakar ta isa ta ɓata makonni ukun.

Bayan an kashe ƙwaro, itacen da ya zama kamar soso yana buƙatar ƙarfi. Ana ɗura masa Paraloid ɗin nan da sirinji ta ramukan, a fara da mai kashi 5 don ya ratsa, a bi da mai kashi 10, a lulluɓe da leda don ya bushe a hankali. In ya bushe da sauri, danƙon yana biyo asiton ya dawo sama ya yi ƙyalli, cikin kuma ya zauna fayau. In aka yi aikin ranar da ake tafka ruwa, asiton yana sanyaya fuskar itacen, raɓa ta sauka, wurin ya yi fari kamar an barbaɗa toka. Littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da wannan ba.

Wani abu kuma da za a kiyaye: tsofaffin kaya da yawa an taɓa yi musu feshin magungunan ƙwari masu guba, DDT ko Gammalin, a zamanin da. Shi ya sa ba a cin goro a ɗakin ajiya, kuma a wanke hannu kafin alwala ma.

Sai hunturu. A Disamba da Janairu, idan iskar arewa ta sauko, laima tana faɗuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, ka ji itace yana ƙara a ɗaki tsit. Itace ba ya ƙanƙancewa ta tsawonsa, ta kauri yake yi, kuma zagayen waje ya fi na ciki ja. Shi ya sa ginshiƙin da aka sassaƙa daga gungume guda, da zuciyarsa a tsakiya, yake tsagewa daga waje zuwa ciki. Tsagar tana buɗewa da hunturu ta rufe da damina, numfashi take yi. Wanda ya cika ta da siminti ko Araldite ko abin cikon masu gyaran jikin mota ya sa mata tsinke a baki. Damina na zuwa itacen ya kumbura, ya rasa wurin komawa, ya tsage ta wani gefen. Ko a bar ta, ko a cika da abin da ya fi itacen laushi. Na'urar sanyaya ɗaki ma haka take yi, har ta fi hunturu ɓarna, idan ana kunna ta da safe a kashe da yamma, ko tana bin zuwan wuta da ɗaukewarta. Kullum kayan ya sha hunturu da damina sau ɗaya, gilashi ya yi gumi. A ra'ayina, wanda ba zai iya riƙe ta dare da rana ba, gara ya bar ta ya sa fanka, ya buɗe hanyar iska, ya sa raga a taga. Fumfuna ba ta son iska mai motsi. In ta riga ta fito, a fitar da kayan daga cikin sauran, a bar shi ya bushe a inuwa, a kaɗe da buroshi mai laushi zuwa bakin injin zuƙar ƙura mai matata, sannan a bi wurin da auduga da itanol mai kashi 70 bayan an gwada a ɓoyayyen lungu.

Wanke sassaƙe shi ne inda ake gane wanda ya koyi aikin. 'Yan tagwayen itace na Yarbawa, ibeji, jikinsu yana ɗauke da jan garin itacen da suke kira osun, kansu da shuɗin baba ko bula, fuskarsu ta shafe saboda shekarun da uwa ta yi tana wanke su tana shafawa. Wani kayan kuma yana da ɓawon manja da gashin tsuntsu. Wannan duka tarihin kayan ne, wanda ya kankare shi ya yage rabin littafin. Ƙura kaɗai ake cirewa. In dole sai an jiƙa, auduga ce a kan tsinke, a ɗan jiƙa da yawu, a mirgina ba a goga ba, a duba audugar bayan kowane mirgini. Da an ga launi ya biyo, a tsaya. Yawu sananne ne a wannan sana'a a duniya duka, yana narkar da datti ba tare da ya jiƙa itace sosai ba, sai a bi bayansa da tataccen ruwa.

Akwai masu ce mini mai gadin gumaka, wasu da wasa, wasu da gaske. Amsata ba ta da tsawo. Ba na bauta musu, ba na roƙonsu komai. Amana ce aka ba ni ta shaidar yadda mutanen ƙasar nan suka rayu da abin da hannunsu ya iya, kuma a kanta ɗaya da su akwai allo da tawada da sirdi da akushi na kakanninmu, ƙwaro kuma ba ya bambancewa.

Yumɓu zan taƙaita. Na Nok ba a gasa shi da wuta mai tsanani ba, yana da tsakuwa a jiki, yana marmashewa. Idan gishiri yana cikinsa zai riƙa fitowa fari yana ture fatar. Tukunya mai ƙarfi ana jiƙa ta a tataccen ruwa ana canzawa ana auna gishirin har ya sauka. Mai rauni kuwa ruwa narkar da ita zai yi, sai a ɗora mata jiƙaƙƙen ɓawon takarda ya zuƙo gishirin yana bushewa. Wajen haɗa fasasshe, a jera gutsattsarin ba tare da an sa danƙo ba tukuna, a san wanda zai riga wani, in ba haka ba na ƙarshe ya ƙi shiga. A shafa wa bakin karaya ruwan Paraloid mai kashi 5, ya bushe, sannan a liƙa da mai kauri, kashi 40 zuwa 50. Dalilin zaɓensa shi ne asiton yana warware shi ko bayan shekaru, ba kamar Super Glue da Araldite ba, waɗanda suka fi yumɓun ƙarfi, in an sake faɗuwa su ɓalle da naman kayan. Amma yana da aibi a garinmu: yana fara laushi a wajen digiri 40. A bar kai mai nauyi a mota a cikin cunkoson gadar Third Mainland da rana tsaka, a iso a tarar wuya ya karkace. Don haka ga manyan kaya ana gauraya shi da ɗan uwansa B-48N mai jure zafi. Inda gutsure ya ɓace ana cikawa da filasta, a sa ta ɗan yi ƙasa da fatar asali, a yi mata launi yadda daga nesa ba za a lura ba, daga kusa kuwa kowa ya gane ciko ne. Ɓoye gyara ha'inci ne, kuma da shi ake haɗa gutsattsarin kaya daban-daban a sayar a matsayin guda. Fitilar da ke nuna jabun kuɗi tana tona irin wannan. Tun dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, fitar da kayan tarihi waje sai da izininta, 'yan kolinmu su riƙe wannan.

Wani dattijo daga Idi-Araba ya taɓa kawo takobin kakansa a naɗe cikin buhun leda. Kuben jar fata ne da koren ado, da zobban tagulla. Duk inda tagulla ta taɓa fata wani kore mai danƙo ya taru kamar sabulu, takobin kuma ya ƙi fita.

"Ɗana, kowace sallah sai na shafe shi da man shanu, ban taɓa fashi ba," in ji shi.

Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri, kulawarku ce ta kawo shi yau. Amma man ne ya haifi koren nan. Maiƙo in ya haɗu da tagulla haka yake yi, ledar kuma ta riƙe masa gumi."

Koren nan ba irin ciwon da na faɗa a baya ba ne, da tsinken itace ake kwashe shi, a bi da auduga mai ɗan farin man tsinka fenti, ba tare da ya taɓa fatar ba. Takobin ba a ja shi da ƙarfi ba. Kwana 10 ya yi a akwati ana rage laima sannu-sannu har itacen cikin kuben ya saki. Tsatsar ruwan takobin an bi ta da mai marar asid da ulun ƙarfe mafi laushi, aka tsaya kafin a kai ga fari, don rubutun da ke kusa da ƙota ya tsira, aka goge man, aka sa kaki. Na roƙe shi abu uku: ya raba takobi da kube a ajiya, ya naɗe kowanne a tsohon farin ƙyalle na auduga da aka wanke ba bula, ya sa su a saman kabad nesa da bangon da ke jiƙa da kuma hayaƙin janareta. Ya tambaya me zai riƙa shafawa da sallah. Na ce ya warware ƙyallen, ya duba ko kore ko gari ya fito, ya kira jikokinsa ya gaya musu sunan mai takobin da garin da ya fito, ɗaya daga cikinsu ya rubuta a takarda da fensir a ajiye tare da shi.